Ko Dilar Ta Dawo?

Takaoka, Nuwamba 1961

Zuwa ga Baba Nagatomo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana bai takura maka ba. Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka ba ka san ni ba. Sunana Fumie, ɗalibar sakandare ce.

An ce a zamanin da majigi ba ya magana, kai kake tsayawa gefen allo kana ba da labarin. Akwai gajeren majigin zane na dilar da ta zama mace, ta haihu, asirinta ya tonu, ta shige dusar ƙanƙara. Kakata Shige da ƙanwarta Matsu sun kalle shi a shekarar da mahaifiyarsu ta bar gida. Matsu ta ce ka ce dilar za ta dawo, ta yi ta jiran mahaifiyarsu a bakin ƙofa. Kaka ta ce, "Maƙaryaciya, kunnen ƙashi! Cewa ya yi ba ta dawowa." Wannan gardama ta raba su har yau. Yanzu Matsu tana kwance ba lafiya, Kaka ta ƙi zuwa. Don Allah, me ka ce?

Taka cikin ladabi,
Fumie

*

Yarinya Fumie,

Na gode da gaisuwa. Ƙarshen majigin sawun ƙafa ne kawai a kan ƙanƙara, sauran daga bakina yake fitowa. A kallon rana, idan yara suka fara shessheƙa, sai in ce za ta dawo da bazara. A kallon yamma na manya kuwa, in faɗi yadda tatsuniyar take. Tafi nake nema a lokacin. Ban taɓa tambayar wa ke zaune a gabana ba.

Ki ba su haƙuri.
Nagatomo

*

Baba Nagatomo,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Kaka. Sai ta ce, "Ita da rana ta je, ni da yamma." Washegari muka hau jirgin ƙasa.

Matsu ba ta gane ta ba. Ta kama hannun rigarta ta ce, "Inna, kin dawo?"

Kaka ta ce, "Na dawo. Kwanta."

An binne Matsu ranar Talata. Kaka ba ta cin abinci sosai, ni kuwa ban san wa zan gaya wa ba. Ka yarda in sake rubuto maka?

Fumie