Ranar da Waya Ta Ƙi Fuskata a Motar Illa

Zuwa ga Shugaban koperatif, wato ƙungiyar haɗin gwiwar direbobin taksi da ake shirin kafawa a Yamai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni direba ne, mutumin Tawa, mazaunin Zongo. Na ji kuna son mu yi aplikasiyo tamu, wato manhajar waya ta ɗaukar fasinja, mu bar ta kamfanin da muke wa aiki yanzu. Abin ya ja hankalina, amma kafin in sa hannu sai na ji yadda yake.

Na ɗaya, abin da ya same ni. Abokina Illa ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki bayan Sallar Layya. Ka san al'adarmu tun ta tasha: direba in ya kwanta, ɗan'uwansa ke jan motarsa, abin da aka samu a kai wa iyalinsa. Haka na yi, da safe tawa, da la'asar tasa da wayarsa. Rannan na sauke wata mata a Katako, sai waya ta ce in nuna fuskata. Ni kuwa har da gyara hula. Nan take ta rufe kont ɗinsa, wato asusunsa na aiki, ta bi nawa ta rufe, wai na yi sojan gona. Na je biron kamfanin, wato ofishinsu, a unguwar Filato, wadda na tarar ta ce ita ma ba ta san wanda ya yanke hukuncin ba. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Na biyu, tambayoyina. Aplikasiyon taku za a iya faɗa mata wane ba shi da lafiya, wane ke tsaya masa? Na yarda fasinja, balle mace, tana da haƙƙin sanin mai ɗaukarta. To me zai hana a nuna mata fuskata da sunana, a ce madadin Illa ne? In aka rufe mutum, gaban wa zai tsaya ya yi bayani? Ku kuma shugabanni, in kujera ta yi daɗi, me zai hana ku zama kamfani na biyu?

Na uku, ina roƙo ka amsa a bainar jama'a, don ba ni kaɗai ke son ji ba. Kada kuma ka daɗe. Jiya matar Illa ta tambaye ni ko ta sayar da motar, na ce ta dakata sai na ji daga bakinka.

Allah ya dafa maka, ya ba ka ikon riƙe amana.

Wassalam, naka,
Wani direba daga Zongo