Kada Ka Aiko da Bulon

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya iyali? Mu a Faskari lafiya, sai abu guda.

Tun da aka yi kwalta, masu hira suka koma bakin titi, maƙwabta suka tada dogayen katangun bulo. Unguwarmu ta yi tsit.

Ranar Laraba ina gona, Inna ta faɗi a tsakar gida. Daga azahar har la'asar tana kira, babu wanda ya ji. A da, da tuni maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Yanzu dai Inna ta samu sauƙi.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida yara. Bulon da za ka aiko don ƙarasa katangar gidanmu kuwa, don Allah bar shi. Gefe ɗaya ya rage da ba a tada ba, ta nan kaɗai wani zai iya jin muryarta.

Ƙaninka,
Lawal