Mijin Ranar Awo

Tsibirin Mbenji, 26 ga Mayu

Zuwa ga matata Esinala,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya jikin Inna, yaya girbin masara? Ni lafiyata ƙalau, ban da abin da Maliseni mai sarin kifi ya zo mini da shi jiya, wanda har yanzu ya hana ni cin tuwo.

Ina cikin shanya kifi ya dube ni gaban mutane ya ce, "Lameki, ashe an yi maka mataimaki a gida?" Wai ranar awo an gan ki a asibiti da Fanuwelo mai keken haya, kuna zaune a benci ɗaya, da aka ce mazaje su matso sai ya miƙe. Wai har sunansa aka rubuta a katinki, a gurbin nawa. Masunta suka yi ta dariya, ni ma na taya su don kada a gane ya dame ni.

Na san dokar. Ba a buɗe wa mace katin awo sai da mijinta ko takardar mai gari, shi kuma mai gari sai ya ga dama. Na san wasu matan kan ɗauki masu keke su tsaya musu, da ni ma dariyar mazajensu nake yi. Amma duk mazan garinmu ki rasa wa za ki ɗauka sai Fanuwelo, mai wannan farin haƙoran, wanda ya riga ni kai gaisuwa gidanku? Me ya hana ki jira ni? Uwata ta haife mu bakwai, babu wanda aka auna.

An ce har ƙwai yake kawo miki da gyaɗa, wai malamar asibiti ce ta koya masa abincin mai ciki. Ba na so. Kada ki sake taka asibitin nan sai na dawo a Disamba. Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba, kuma ina da gaskiya.

Ki gaida Inna. Naki,
Lameki

Tsibirin Mbenji, 30 ga Yuli

Esinala tawa,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da gaske, ba don al'ada ba. Wata biyu ke nan ba amsa. Da farko na ɗauka fushi ne, na ce ki yi abinki.

Sai ga wasiƙar yayata Elube, ta wanke ni tas. Ta ce kin bi maganata, ba ki koma ba. Ta ce ƙwayoyin ƙarin jini sun ƙare tun Yuni, kina jiri in kin sunkuya ɗibar ruwa, tafin hannunki ya yi fari kamar an wanke shi da toka. Ta ce kin mayar wa Fanuwelo ƙwansa, kina cin tuwo da ganyen kabewa safe da yamma. A ƙarshe ta tambaye ni kifi nawa na aiko gida tun da na tafi. Na zauna na yi ta tunani. Ko ɗaya, Esinala. Ina kwana cikin kifi, ina tashi cikin kifi, rigata ma ƙarninsa take yi, ga matata can jininta yana ƙarewa.

Duk da haka, in gaya miki gaskiya, da na karanta cewa kin mayar masa da ƙwan sai da na ji daɗi. Kin ga irin mijin da Allah ya haɗa ki da shi.

Na gaya wa mai jirginmu ya nemi wani. Ina tafe ranar Litinin da kwandon busasshen usipa, ƙananan kifin nan, Laraba mu je awon tare, a goge wancan sunan a sa nawa.

Mijinki na gaske,
Lameki

Gida, 9 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Elube,

Bayan gaisuwa da fatan kin koma Lilongwe lafiya, kin sami yara da babansu lafiya. Kin ce in rubuto miki yadda aka yi, to ga shi, amma kada ki karanta wa kowa.

Na tarar da ita yadda kika faɗa, har ma ya fi. Safiyar Laraba muka fito, ba mu kai rafi ba ta zauna a gefen hanya tana haki. Keken haya ɗaya ne a unguwarmu, kin san na wane ne. Da bakina na kira shi. Haka muka tafi, ita a bayan kekensa, ni ina biye da su a ƙasa da ƙullin kifin da na ɗebo mata na hanya.

Da muka kusa, ta sa ya tsaya, ta jawo ni gefe. Ta ce, "Baban gida, in ka faɗa musu gaskiya yau, katin za su riƙe, su tura mu wurin mai gari. Kafin a yi zama, a ci mu tarar akuya, na haihu. Ka zaɓa." Na wuce gaba abina, don na riga na shirya jawabina tun daga tsibiri.

Muna shiga malamar ta hango Fanuwelo. Wata gajeriyar mata ce mai tabarau, muryarta ta fi ta girma. Ta auna damtsen Esinala da tef, ta ja fatar idonta ta duba, sannan ta juyo kansa. "Mai gida, sannu da ƙoƙari. Wata biyu ka ɓoye mini ita? Kai da na zaunar na lissafa maka wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, kana gyaɗa mini kai kamar ƙadangare? Kashe ta kake so ka yi, ko ɗan?"

Yaya, bawan Allahn nan ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya ce, "A yi haƙuri, Malama, laifina ne."

Sai ta dube ni ta ce, "Kai kuma fa?"

Ga ƙwayoyin a kan tebur, ga buhun garin kunun masara da waken soya da ake ba masu ciki da suka rame, hannun malamar yana kai. Esinala ba ta kalle ni ba, ƙasa take kallo. Na buɗe baki, jawabin nan duk ya gudu. Na ce, "Yayanta ne ni."

Ta ga ƙullin kifin ta ce, "Ka gani? Ɗan'uwa ya fi miji hankali. A daka mata shi har ƙashin, a zuba a kunu kullum."

Ana yabona, ni kuwa kamar in nutse. Abin da zai ba ki dariya, faɗan da aka yi masa ma sai da na yi kishinsa. Nawa ne, ni na jawo shi, wani ya karɓe a tsaye. Da aka shiga ɗakin duba ciki aka ce miji kawai, na zauna a waje ina gadin kekensa.

A hanyar dawowa na ba shi rabin kifin. Ya ce, "Haba Lameki, ba komai."

Yau kwana huɗu tana shan ƙwayoyin, ni nake daka kifin da kaina, matan unguwa suna leƙe ta katanga. Ba zan koma tsibiri bana ba. In ta sauka lafiya zan je gaban mai gari da akuyata a hannu, in faɗi komai, a sa sunana a katin yaron.

Jiya da hantsi tana shan kunu sai ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. Ɗan ya harbe ni, Yaya, sau biyu, da ƙarfinsa. Ta ce Fanuwelo bai taɓa jin wannan ba. Na yarda da ita, amma sai da na sake tambaya.

Ki gaida kowa. Ƙaninki,
Lameki