Tsintuwar Da Na Yi Ta Sa An Zaunar Da Baba Iro A Gida

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, wallahi zagin da nake wa kaina ya ishe ni.

Ni tela ne a Soron Ɗinki, shagona yana bakin lungu. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, zan kira shi Baba Iro, goro yake sayarwa wajen Ƙofar Na'isa tun kafin a haife ni, kullum bayan la'asar ta gaban shagona yake wucewa gida. Wata rana yana wucewa na ga naira ɗari a ƙasa, na take ta da ƙafa, da ya sha kwana na ɗauka, na ce ai tsintuwa ce. Washegari ma haka. A rana ta uku na gane aljihun rigar kasuwarsa ne ya ɓule a kusurwa, canji yana zamewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ido ya yi rauni, matarsa ta rasu, babu mai duba masa kaya. Jama'a, ni fa tela ne! Me ya hana ni cewa, "Baba kawo rigar nan in kama maka"? Sai ma na koma jiran la'asar, in ɗauki buta kamar zan yi alwala, in bi bayansa ina tsincewa. A lokacin ɗinki ya yi ƙasa, da kuɗin nake sayen kokon safe, ina ce wa zuciyata ai daga ƙasa na ɗauka, ban sa hannu a aljihun kowa ba. Kusan wata biyu ina wannan abin kunya.

Ashe a gidansu rigima ake. Kullum ya dawo kuɗin ciniki bai cika ba, ya rantse a aljihu ya sa. Rannan babban ɗansa ya zo shagona ya ce, "Malam, kai da kake ganinsa kullum, ba ka lura Baba ya fara ruɗewa ba?" Kun san me na ce? Na ce, "Tsufa ne Alhaji, sai haƙuri." Da bakina! A satin suka karɓe tiren goronsa, aka ba wani wurin zamansa na sana'a, ko masallaci ba a barinsa ya je shi kaɗai.

Ranar Juma'a na shiga gaishe shi, na same shi a soro kan tabarma, duk ya rame. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kai kaɗai ne ba ka yi min kallon mahaukaci. Don Allah ka gaya musu hankalina ɗaya, za su ji maganarka." Na ce to Baba, na fito.

In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli mutanen unguwar da aka haife ni, waɗanda ke kawo min kayansu ɗinki? In na mayar da kuɗin a ɓoye, wa zai mayar masa da mutuncinsa? Sau uku ina zuwa ƙofar gidan ɗan nasa ina juyowa. Baba kuma kullum yana aiko a tambaye ni ko na yi maganar.

Don girman Allah, me zan yi?