Irin Furen Inna Ya Ƙare a Hannuna

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigida da yara? Mu nan lafiya, sai kewarku.

Kin tuna irin jan furen marigayiya Inna, wanda na ƙullo a bakin zane ranar da muka baro Kutemeshi? Duka na shuka shi a gindin mangwaro, wai in samu wurin zama irin na littattafan da nake karantawa. Maigidana ya ce, "Rabi, wannan rana yake so." Na ƙi ji. Ya yi ta tsawo babu fure, damina na wucewa ya bushe. Ko ƙwaya ɗaya bai bar mini ba.

Don Allah duba kayan aurenki, ko Inna ta ƙulla miki kaɗan. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rabi