Abin da Ke Cikin Fulas Ba Shayi Ba Ne

Zuwa ga Zeba, sanyin idona, furen za'afaran da ya tsiro a gonar talaka, garwashin da ya kwana cikin toka bai mutu ba, inuwar bishiyar cinar da tsakar rana, abokiyar ƙuruciyata da furfurata. Ina gaishe ki gaisuwar makiyayi ga marmaro, gaisuwar wanda sanyi ya ci wa ƙafa ga bakin murhu.

Na san kin riga kin buɗe fulas ɗin, don na roƙi Gulla direba kada ya miƙa miki takardar nan sai ya ga kin kwance murfin da hannunki. Na kuma san abin da kika zata. Kin ce tsoho ya aiko da shayin gishiri na gida, mai ja-ja ɗin nan da kike cewa ruwan Jammu ba ya fitar da shi. Har kofi kin ɗauko, ko ba haka ba? Kin karkata, bai zubo ba. Kin leƙa. To, Zeba, nau shin! Sabuwar ƙanƙara! Na kama ki. Jiya da safe ta sauko a Gulmarg, ta farkon bana, ni na dunƙula ta da hannuna na cusa. Ki yi fushi in kin so, amma ki bari a kai ƙarshen takardar kafin ki zubar.

Ke kuma Shamima, 'yata, tunda ke ce idon mahaifiyarki a kan takarda, karanta mata duka. Kada ki tsallake inda kika ji nauyi. Ubanki ne ya rubuta, da baƙaƙensa masu kama da sawun kaji, kuma ba ke yake yi wa magana ba.

Kin tuna lokacin da na shiga ajin yamma, gemuna ya riga ya fara fari, ina tafe da littafi cikin riga kamar ɓarawo? Kina bakin ƙofa kina shanya kabewa kika ce, "Ka ga tsoho da allo! Gwamna za a ba ka? Me za ka rubuta wanda bakinka ba zai iya faɗa ba?" Ban ba ki amsa ba a ranar. Ga amsar yau ta iso, cikin motar Gulla, tare da buhunan tuffa.

Mun yi jika namiji, Zeba! Na san ɗanmu Irshad ya kira ki a waya tun daga asibitin Tangmarg, na san kin yi kuka kin yi hamdala, kin tambayi lafiyar matarsa Nusrat sau ba adadi. Amma waya ba ta nuna miki ni ba. Da aka fito da shi a naɗe aka ɗora min a hannu, gwiwoyina da suka ƙi sunkuya wa sallah sai da kujera suka manta da tsufa. Na taka rawa a barandar asibiti! Ɗan kaskon wutar da nake riƙewa ƙarƙashin rigata don jin ɗumi ya tuntsure, toka ta watsu, wata ma'aikaciya ta biyo ni da tsintsiya tana cewa, "Haba Baba, nan asibiti ne fa, ba gidan biki ba. In ka ƙone mana gado kai za mu kwantar a kai." Na ce mata ta kwantar da ni ɗin, yau ko a kan wuta na kwanta barci zan yi. Kunnuwanki ne da shi, ƙanana masu lanƙwasa. Yana da kuka irin na masu gardama. Ya riƙe babban yatsana ya ƙi saki, kamar wanda ya zo da saƙo yana jiran a tara masa mutanen gida.

Sai dai mutanen gida ba su cika ba. Irshad ya ce da ya tambaye ki, "Inna, yaushe za ki taho?" sai kika ce masa a tabbata an sa wa mai jego safa. Ya sake tambaya, kika ce waya ba ta ji. Wayyo Zeba! Ni na san wayar nan tana ji.

Wa ya kai ki iya wasan nan na sabuwar ƙanƙara a duk ƙauyenmu? Shekarar da aka kawo ki, kina amarya ko ido ba kya ɗagawa, kika miƙo min gurasar safe a naɗe cikin tsumma. Na buɗe, sai ga farin dunƙule yana narkewa a tafina, ga ki kin ɓuya bayan tukunyar shayi kafaɗunki suna rawa. Mahaifiyata ta ce, "To, an kama ango. Tashi ka sayo wa amarya harisa, dokar ke nan." Na sauka na sayo, naman da ya kwana a wuta har ya narke, na riƙo kwanon cikin rigata don kada ya huce. Tun daga ranar ban taɓa cin ki ba. Kin sa min a hula, kin sa min a aljihu, kin sa min cikin akwatin kakin da nake goga wa allunan zamiya a kan ƙanƙara. Shekara guda na yi rantsuwa ba zan karɓi komai daga hannunki ba har rana ta faɗi, sai kika ba Shamima, tana rarrafe a lokacin. Wane uba ne zai ƙi karɓar abin da jaririya ta miƙo masa? Kika ce, "Mai gida, kai wayonka a ƙafa ya tsaya, bai hau sama ba."

Yanzu zan taɓa inda ba ma taɓawa. Ki yi haƙuri, ya rabin raina. Alƙalamin ya riga ya kama hanya.

A waccan safiyar ta shekarun baya, ba ni kika kama ba. Manzur kika kama, ɗanmu na fari. Ya zura ƙafa cikin takalmin hawan dutse ya yi tsalle yana ihu, "Inna! Wallahi ba kya jin tsoron Allah, ƙafar da nake ci da ita?" Kika ce, "Nau shin, jagoran baƙi! Kai da kake gane ƙanƙara daga nesa, ga ta a takalminka ba ka gani ba." Ya zazzage, ya sumbaci goshinki, ya ce harisarki tana nan tafe da yamma, ki wanke kwano. Wasu baƙi ne suka zo da wuri shekarar, tun ganyen cinar bai gama zuba ba, suna zaune a masauki suna ƙorafin sun baro garinsu don su riga kowa zamiya. Ya ce bari ya hau shi kaɗai ya dubo ko gangaren sama zai ɗauki mutum. Ya fi ni sanin cewa ƙanƙarar farko baƙuwa ce, ba ta kama ƙasa ba, kwance kawai take a kan busasshiyar ciyawa kamar mayafi a kan tabarma. Ya sani, shi ya sa bai bar su sun hau ba. Gangaren ya zame da shi. Kin wanke kwanon, Zeba. Na gan shi a kife a kan kanta har ranar da kika ɗaure kayanki kika ce za ki je wurin Shamima ki sha iska, garin da ƙanƙara ba ta san hanyarsa ba. Iskar da kike sha ke nan har yau.

Ban taɓa ganin laifinki ba. Ni ma da ina da inda zan gudu da na gudu, amma dutsen nan shi ne gonata, shi ne kuma maƙabartata. Kin gudu daga ƙanƙara, ni kuma an bar ni da wayarsa.

Ban taɓa gaya miki wannan ba. Lambarsa tana nan a wani shafi na intanet, inda masu neman filin zamiyar da aka fara buɗewa suke dubawa, kuma ba wanda ya goge ta. Duk shekara, da Nuwamba ta kama, makiyaya sun sauka da garkensu, mata sun fara ƙona ganye don gawayi, sai wayar ta farka. Daga Delhi, daga Mumbai, wani lokaci da wani irin harshe da sai na kira Irshad. Tambaya ɗaya ce: "Manzur ne? An buɗe? Ta sauko? In mun taho ranar Juma'a za mu samu?" Mutanen kirki ne, ba su san komai ba, muryarsu cike da ɗoki kamar ta yara ranar jajiberin salla. Ina zaune a shago tsakanin allunan haya da ba a fara taɓawa ba, sai in ce musu ba a buɗe ba tukuna, su ƙara haƙuri, dutse bai shirya ba. Sai su ce, "To, a gaida Manzur." Sai in ce zai ji. Irshad ya sha cewa, "Baba, don Allah ka cire layin nan, kana kashe kanka." Ta yaya zan cire? A duk duniya, wayar nan kaɗai ce inda ake kiran sunansa da murna.

Ba ita kaɗai ba ce. Kin san yadda yake buga takalmi a dokin ƙofa kafin ya shigo, don kada ki yi masa faɗan jiƙa shimfiɗa? Duk ranar ƙanƙarar farko ina jin bugun nan da rana tsaka, har in ce shigo mana. Kuma in na ɗaga kai wajen gangaren sama, tun ba a kunna igiyar da ke jan mutane ba, tun ba wanda ya hau, sai in hangi layi ɗaya ya sauko yana lanƙwasa, mai faɗi ta hagu, mai tsauri ta dama, irin saukowarsa. Liman ya ce dila ce ko iska. Wataƙila. Amma wace dila ce take jin ciwo a gwiwar dama tun tana shekara goma?

Jiya ma na ga layin. Daga ganinsa ne aka kira ni cewa Nusrat tana naƙuda.

Yau da la'asar, ina zaune a gidan iyayen Nusrat a Tangmarg, inda za ta yi jegonta, yaron yana barci a cinyata, sai wayar ta yi ƙara a aljihuna. Wata mata ce, da fara'arta. Ta ce ta ga hoton ƙanƙara, ita da ƙawayenta sun riga sun fito da kayansu. "Baba, Manzur yana nan kuwa?" Zeba, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Yana nan, 'yata, ga shi ma a hannuna. Sai dai bai fara tafiya ba tukuna." Ta ce ko ta yi kuskuren lamba. Ni kuwa dariya ta kama ni, dariyar ta juye ta zama abin da ban yi ba tun ranar jana'iza, har hawayena ya ɗiga a goshin yaron ya yamutsa fuska. Mahaifiyar Nusrat ta karɓe shi tana cewa, "Kawo shi nan, Malam Subhan, kada ka yi masa wanka da gishiri tun ba a yi suna ba."

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Irshad yana so ya sa wa yaron sunan wansa. Nusrat ta yarda, iyayenta sun yarda. Amma ya ce ba zai raɗa masa a kunne ba sai kina wurin, sai ya ji daga bakinki, domin tun waccan shekarar ba wanda ya isa ya ambaci sunan a gabanki, kuma ba zai haifi ɗan da kakarsa za ta riƙa kira "kai yaro" ba. Ya ce in ba ki zo ba, zai zaɓi wani suna, ya rufe maganar har abada. Ka ji ɗan Zeba! Taurin kanki ne ya ɗauko tsaf. Suna ranar Alhamis ne.

Ba na ce ki hau dutse ba, ya hasken gidana. Ba zan roƙe ki ki ga shagon ba, ko dokin ƙofar, ko gangaren. Tangmarg kawai, a gindin dutsen. Har yanzu ƙasa baƙa ce a can, ganye ja ne a kan hanya, fari bai wuce kwanar da motoci ke tsayawa su ɗaura sarƙa a taya ba. Amma kullum yana ƙara saukowa, kin san halinsa, kuma in ya rufe babbar hanya, ko kin so zuwa sai bazara. Gulla zai juyo ranar Talata da kujerar gaba a buɗe. Na ce masa ko ba ki fito ba ya jira har shayinsa ya huce.

Doka ta ce wanda aka kama da sabuwar ƙanƙara shi ke ciyarwa. Na yafe miki harisar. Haƙorana ma sun yi ritaya. Abin da nake nema kalma ɗaya ce a kunnen jariri.

Akwai kuma abin da nake nema wa kaina, tunda yau na zama marar kunya. Tun da muka samu ɗan fari ban ƙara kiran ki Zeba ba, Uwar Manzur nake ce miki, a gida da kasuwa, cikin faɗa da cikin shiri. Ranar da dutse ya ɗauke shi, ya haɗa da sunan da nake kiran matata. Shekarun nan duka in na kira waya sai in ce "kina ji na?" kamar mai magana da baƙuwa. Ko a takardar nan, duk inda na rubuta Zeba sai na ji kamar na shiga ɗakin amarya ba sallama. Na tsufa da kiran budurwa. Ki zo ki buɗe bakinki sau ɗaya, in samu abin da zan kira ki da shi sauran kwanakin da suka rage min.

In kin zo, zan tsaya a tasha da sabuwar hula kamar mai zuwa zance. In ba ki zo ba, ba zan rage ko ƙwayar zarra daga abin da ke zuciyata ba. Naki nake tun kina ɓuya bayan tukunyar shayi, naki nake har a kwantar da ni a gefen ɗanmu, kuma ko a can zan bar miki wuri ta ɓangaren da rana ke bugawa.

Na ajiye sabon sunanki a kan harshena, ban furta ba ko a sallah. Zan rubuta shi nan sau ɗaya da ƙananan baƙaƙe, in ya yi miki nauyi ki ce Shamima ta tsaya daga nan.

Allah ya kawo ki lafiya, Kakar Manzur.

Mijinki, mai jiran motar Talata,
Subhan