Inna, Har Yanzu Muna Maneji

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwar ɗa ga mahaifiya, tare da fatan makwancinki na cikin ni'ima. Autanki ne Tijjani, daga ɗakin nan namu na unguwar Sabo a Ibadan. Na san ba za ki karanta ba, ko da kina raye ma sai an karanta miki. Amma wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma a bakinki na fara jin ta.

Maneji. Ba ki taɓa shiga aji ba, amma wannan kalma ta Turanci babu wanda ya kai ki iya ta. In miya ta zo ba nama, sai ki ce, "Ku yi maneji, gobe kasuwa." Da igiyar takalmina ta tsinke, waya kika samo kika ɗaure, kika ce in yi maneji zuwa Sallah. In ruwan Ibadan ya sauko, kwanon rufinmu ya fara yoyo, sai ki jera robobi a tsakar ɗaki ki ja mana tabarma gefe. Ni a lokacin na ɗauka kalmar Hausa ce.

Sai da na shiga sakandare a Mokola malamin Turanci ya ce mana asalin ma'anarta shi ne mutum ya riƙe ragamar abu, ya tafiyar da shi yadda yake so, daga nan ma aka samo manaja. Na dawo gida ina rawar jiki, na ce miki ba daidai kike faɗa ba. Kina tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce, "To Bature, ka ce wa malamin naku ya zo ya tafiyar da tukunyar nan."

Da ciwon ciki ya kama ki, Iya Basira, maƙwabciyarmu mai sayar da barkono, ta yi ta faɗa da Yarbanci da Hausa cewa mu kai ki asibiti. Ke kuwa sai ki jiƙa kanwa ki sha, ki tamke zani a ƙugu, ki ce, "Ina maneji." Mu ma muka yarda, don mun saba. Ranar da muka ɗauke ki a keke-napep zuwa asibiti, likita ya tambaye mu me muke jira tuntuni. Ni da Baba muka sunkuyar da kai.

Bari in gaya miki abin da ya biyo bayanki. Baba ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Bodija, tsakanin buhunan albasarsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar. Likitar da ta sallame mu ta ja ni gefe ta ce, "Irin wannan ba warkar da shi ake yi ba, sai dai a yi ta maneji." Ashe a asibiti kalmar tana nufin ciwon da za ku zauna tare har ƙarshe.

Yanzu ni ne hannunsa na dama. Ni nake juya shi, ni nake masa wanka, ni nake ba shi kunu da cokali. Da safe in bar shi hannun Iya Basira, in hau okada zuwa rumfar albasa, kafin azahar na dawo. Daga Sabo sai Bodija, daga Bodija sai Sabo, iyakar duniyata ke nan. Takardar difloma da kika yi ta fama a kanta tana ƙasan akwati.

A ƙofar masallaci in aka ce, "Ya mai jiki?" sai in ce, "Muna maneji." Su ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya sa takalminsa. Yanzu na gane amfanin kalmar, Inna: tana rufe tambaya. Da zan ce "na gaji", da sai sun tsaya, kuma ni da su babu wanda ya san abin da zai biyo baya.

Wani kamfanin kayan abinci a Kaduna ya ɗauke ni aiki, mataimakin manajan sito. Na kira Yaya Bala a Agege na roƙe shi ya karɓi Baba ko na ɗan lokaci. Ya ce, "Tijjani, ɗaki ɗaya muke ciki, antinka kuma haihuwa yau ko gobe. Ka ƙara maneji zuwa bayan Sallah." Sallar ta zo ta wuce. Ba na jin haushinsa, na taɓa zuwa na ga ɗakin da idona.

Ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, mutanen Kaduna suka sake kira. Suka ce in ban iso kafin ƙarshen wata ba za su ba wani. Na fita soro na amsa, ashe murya ta shiga ɗaki. Da na dawo, Baba ya yafito ni da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, yawu na zuba, ina goge masa. Can ya ce, "Ka... ka tafi."

Inna, yana faɗa, hannun nan nasa yana damƙe da gefen rigata. Ban sani ba ko ya san ya riƙe. Na zauna a bakin gado har aka kira la'asar, bai saki ba, ni ma ban janye ba.

Wata ya kusa ƙarewa, ban ba kowa amsa ba. Da kina nan, da na kwantar da kai a cinyarki na tambaye ki, ke da kika san Baba fiye da kowa: bakinsa zan bi, ko hannunsa?

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya hutar da ke hutun da ba ki samu a nan ba. Allah ya ba Baba sauƙi. Ni kuma ya Allah, ka zaɓa mini, don na kasa zaɓa wa kaina. Amin.

Autanki mai kewarki,
Tijjani